Dutsen Tonga da layin da na goge

Lokacin da nake karatun digiri na biyu a fiziks, malamina ya ba ni bayanan tashoshin auna maganadisun ƙasa na watan Janairun 2022 ya ce in tace su. A bayanan ranar 15 ga wata sai na ga layin da ke nuna awon ya yi wani irin tsalle-tsalle. Da na duba, na tarar an yi guguwar maganadisu daga rana a ranar 14. Shi ke nan, na ɗora wa rana laifi, na goge wurin, na wuce abina.

Malam ya daɗe yana kallon takardar. Can ya ce, "Kai dai sama kake kallo. A ƙasa fa, me ya faru ran nan?"

Ashe a ranar ce dutsen Hunga Tonga ya yi aman wuta daga ƙarƙashin tekun Pasifik, wajen ƙarfe 5:15 na asuba agogon Najeriya. Toka da tururinsa sun kai tsayin kilomita 57, an ji ƙararsa har Alaska. Bugun da ya yi wa iska ya bazu kamar an jefa dutse a kududdufi, yana gudun kusan mita 310 a daƙiƙa, ya zagaya duniya sau da yawa. Wurin da ke bayan Tonga daidai a ƙwallon duniya shi ne kudancin Aljeriya, dab da iyakar Nijar, kuma can igiyar bugun ta haɗe daga kowace kusurwa bayan awa 17 zuwa 18. Na jima ina jujjuya taswira kafin na yarda.

Abin da ya fi ba ni wahalar ganewa shi ne alaƙar iska da maganadisu. A tsayin kusan kilomita 100 akwai ayonosfiya, inda hasken rana ke ɓalle ƙwayoyin lantarki daga iska. Idan iska ta kaɗa su cikin maganadisun duniya, lantarki na gudana, kamar dai yadda janareta ke aiki. Da rana akwai wani kogin lantarki da ke malala gabas a saman layin tsakiyar maganadisu, layin da ya ratsa arewacin Najeriya. Da igiyar Tonga ta isa can sama, tauraron ɗan'adam na ICON, mallakar NASA, hukumar sararin samaniyar Amurka, ya auna iska mai gudun kusan kilomita 720 a awa, taurarin Swarm na Turai kuma suka ga kogin ya ninka ƙarfinsa sau biyar, har ya juya yamma na ɗan lokaci.

Daga nan kuma zumuɗi ya kwashe ni. Duk wata 'yar lanƙwasa a layin, in ce Tonga ce. Malam ya sake taka mini birki: guguwar maganadisun nan daga rana ai ba ƙarya ba ce, ita ma da hannunta. Ya sa na auna nisan kowace tasha daga dutsen, na raba da saurin igiyar, na fitar da lokacin da ya kamata ta iso. Abin da ya motsa kafin lokacin, ba ruwan Tonga da shi. Kusan rabin wuraren da na zagaye da jan biro a nan suka faɗi.

Mako biyu na yi ina mayar da abin da na goge cikin minti biyar. Sa'a ɗaya na ci, ainihin fayil ɗin na nan a filashin wani abokin karatuna, domin nawa tuni na adana sabon a kansa.