Noti huɗu da suka ci mini riyal 2,300

Har yau in na tuna akwatin sitiyarin nan sai na ji wani abu ya tokare mini maƙogwaro. Ba kuɗin ne kaɗai ba, haushin kaina ne ya fi yawa.

Motar Land Cruiser ce ƙirar 80, ta 1995, gadon mahaifina. Bayan ƙaramar sallar bara ta tsiro da wata ƙara a gaba, ƙwas guda ɗaya tak, duk lokacin da na karya kwana a hankali ko na taka tudun rage gudu. Daga baya sitiyari ya fara wasa. Ina tafe a hanyar Makka zuwa Jidda, motar na neman bin son ranta, ni kuma ina ta gyara hannu kamar mai tuƙa kwalekwale.

Akwai wani dattijo Bahaushen Sudan, mutumin Mai Wurno, da ya tsufa a warsha, wato garejin gyaran mota, kowa Kawu yake ce masa. Na ba shi labari bayan sallar isha'i. Ya ce, "Ɗana, kawo ta gobe da sassafe, ka zo da tsofaffin kaya, tare za mu kwanta ƙarƙashinta." Ni kuwa na raina rumfarsa. Sai na nufi wata warsha mai gilasai da kwamfuta, inda wani saurayi ya zauna a kujerata, ya girgiza sitiyari sau biyu, ya ce akwatin sitiyari, wanda ke miƙa juyin sitiyari ga tayoyi, shi ne ya mutu. Ko durƙusawa bai yi ba, ni ma ban ce ya durƙusa ba. Na tafi tashlih a Jidda, inda ake sayar da kayan tsofaffin motoci, na sayo akwati riyal 1,800, kuɗin ɗauri da mizani, wato daidaita tayoyi, 500. Kafin in kai shatale-talen farko, ƙwas.

Da na tsaya nan da sauƙi. Na ce wa raina ai sabon ɗauri ne, zai zauna, na kwashi iyali muka hau Ɗa'if ta hanyar Hada. Wanda ya san gangaren nan ya san kwana ce bayan kwana, dutse a gefe, rami a gefe. A dawowa na fita daga wata kwana, mota ta miƙe amma sitiyari ya tsaya a karkace. Ban ce wa kowa komai ba, na sa giya ta biyu na sauko da salati.

Washegari na je wurin Kawu da tsohuwar jallabiya, kaina a ƙasa. Bai yi mini gori ba. Ya bar tayoyi a ƙasa, ya sa yaronsa ya riƙa kaɗa sitiyari hagu da dama kaɗan-kaɗan, mu kuma muna kwance a kan kwali. Ya kama hannuna yana ɗorawa a kan kowace gaɓa: kan tairod mai haɗa tayoyin gaba biyu, sandar da ta taso daga akwati zuwa taya, bushin na sandar da ke riƙe aksul kada ya karkata gefe. Ya ce ido yana ruɗi, ƙarar ƙarfe kuma tana bin shasi ta ɓullo inda ba nan take ba, amma wasa a tafin hannu ake jin sa.

Da muka iso ƙasan gwiwar tayar dama, wato gaɓar da taya ke juyawa a kanta in an karya kwana, inda hannun sitiyari yake ɗaure da noti huɗu, sai na ji ƙarfen na motsi ƙarƙashin yatsuna. Biyu sun kwance har ina juya su ba sifana. Na uku da Kawu ya taɓa shi sai ya faɗo mini a ƙirji, ƙusar ta karye tun tuni, bakinta ya yi tsatsa. Guda ɗaya ce ta sauko da ni da matata da yara uku daga Hada. A wannan ƙirar, in sitiyari a hagu yake, gefen dama ne ke ɗaukar turin akwati sannan ya miƙa wa ɗaya tayar, shi ya sa notinsa suka fi saurin kwancewa. Minti goma aka yi, ko sisi ban biya ba. Minti goman da na ƙi bayarwa na je na zubar da 2,300.

Bayan haka ya ɗaga motar da jak, ya kama taya sama da ƙasa ya girgiza, akwai wasa. Ya ce yaro ya taka birki. Da wasan ya ɓace, to boris ɗin taya ne. Tunda bai ɓace ba, boris ɗin gwiwa ne. Ya kuma nuna mini baƙin kunun da ke tsiyaya a bayan gwiwar, wanda na daɗe ina ɗauka datti ne kawai: sil ɗin ciki, robar da ke tare mai, ya lalace, man aksul ya shiga ya narkar da giris. Aka kwance gwiwoyin biyu, aka sa boris da sil da sababbin ƙusoshi, duka bai kai rabin kuɗin akwatin ba.

Yanzu duk canjin mai sai na kwanta na sa sifana a notin nan, kuma duk wanda ya ce mini wani abu ya mutu a gaban mota, sai ya ɗora hannuna a kai na ji da kaina.

Tsohon akwatin kuwa Kawu ya gwada shi, lafiyarsa lau. Na mayar wa mai tashlih ko zai saya, ya taya riyal 200. Yana nan a tsakar gida, uwargida na tokare ƙofar ɗakin girki da shi.