Gwaten Acca da Sallama ta Huɗu

Tun da muka yi aure, idan aka ɗebe zuwa biki da suna da ta'aziyya, ba na jin fitar da ni da maigida muka yi da dare mu biyu kaɗai ta kai sau biyar. Saboda haka lokacin da autan gidanmu, wanda yake koyon haɗa sauti a makarantar fim ta ƙasa da ke nan Jos, ya zo da katin gayyata biyu, ya ce shi da abokansa sun yi karo-karo sun kama wani ƙaramin zaure za su nuna gajerun finafinan ban tsoro, sai na karɓa tun kafin in tambayi abin da za a nuna. Maigida ne ya tsaya yana jujjuya katin, ya ce shi bai ga hikimar mutum ya biya kuɗi don a firgita shi ba, alhali farashin kayan masarufi yana yin wannan aikin kyauta kowace safiya. Auta ya dube ni ya ce, "Yaya, ki lallaɓa mana shi, akwai aikina a ciki." Da haka aka tsayar da daren Asabar, muka kai yara wajen Hajiya, wadda ta yi mana kallon mutanen da ba su da aikin yi, amma ba ta ce komai ba.

Wanda bai taɓa kwana a Jos cikin watan Disamba ba zai ɗauka ƙari muke yi idan muna maganar sanyi. Garin yana kan tudun da ya haura mita 1,200 daga doron teku, kuma da zarar rana ta faɗi a lokacin hunturu sai iska ta riƙa ratsa mayafi kamar babu shi. Bayan mun yi sallar magariba muka nufi wani gidan abinci da ke kusa da titin Ahmadu Bello, ni kuwa tun a mota na yanke shawarar gwaten acca zan sha. Mutanen Kano da Zariya fate za su kira shi, kuma ba su yi kuskure sosai ba, sai dai na acca ya fi na tsakin masara laushi a baki, ga tsamin yakuwa, ga ɗan ɗacin gauta, ga romon ƙashi da aka dafa har ya saki ɓargonsa. An kawo mini shi yana tururi, na riƙe kwanon da hannu biyu na ɗan lokaci don ɗumi kawai. Maigida ya nemi gasasshen kifi da soyayyen dankalin Turawa, aka haɗo masa da yankakken kabeji da karas. Auta ya iso a makare, ya sha shayi mai citta a tsaye, ya kalli farantin maigida ya yi murmushi ya ce, "Yallaɓai, a ci kabejin nan da kyau, domin bayan an tashi ba lalle ne a sake sha'awarsa ba." Mun tambaye shi dalili, ya ƙi faɗa, ya wuce wajen abokan aikinsa.

Zauren ba shi da wani ƙawa. Kujerun roba ne aka jera, aka ɗaura farin ƙyalle a bango, aka ɗora na'urar haska hoto a kan tebur, abin da ya tuna mini da labarin majigi da mahaifinmu yake ba mu, wato motar gwamnati da take zuwa ƙofar fada a zamanin da, ta nuna wa jama'a hotunan tsafta da noma. Yawancin 'yan kallo matasa ne, sai 'yan ma'aurata irinmu da ake gane su da jibga-jibgan rigunan sanyi. Kafin a kashe fitila wata ɗaliba ta yi taƙaitaccen jawabi da ya burge ni. Ta ce masu ba da kyautar Oscar a Amurka suna lasafta fim a matsayin gajere muddin bai wuce minti 40 ba, amma a wannan dare babu wanda zai kai minti 20. Ta ƙara da cewa fim ɗin da masana da yawa suke ɗauka shi ne na ban tsoro na farko, wanda Bafaranshe Georges Méliès ya yi a 1896, tsawonsa kimanin minti uku ne kacal, kuma a cikinsa jemage ne yake rikiɗa ya zama shaiɗan. Nufinta shi ne gajarta ba gazawa ba ce a wannan fanni, da ita aka fara.

Finafinai bakwai aka nuna, kuma gaskiyar magana ita ce uku na farko ba su tsorata kowa ba. Biyu daga cikinsu kwaikwayon na Amurka ne tsantsa, mutum mai rufaffiyar fuska riƙe da wuƙa yana bin ɗalibai mata a ɗakin kwanansu, ga jini yana malala mai launin zoɓo. Na ukun ya ɗauko aljanin nan da muka saba gani a tsofaffin finafinan Hausa, mai ɓacewa da walƙiya yana dariya mai amsa kuwwa, sai zauren ya ɓarke da dariya, har da masu tafi. Abu ɗaya ne ya sa na runtse ido a cikinsu, wato ƙarar shigar wuƙa cikin jiki, mai wani irin danshi da ɓurma. Ina runtse idon na ji maigida ya raɗa mini, "Kabeji." Daga baya Auta ya tabbatar mana cewa kabeji uku suka sayo a kasuwar Farin Gada suka yi ta sara a gaban makirfo, karyewar ƙashi kuwa karas ne aka naɗe a tsumma.

Na huɗun ne ya fara sa mutane gyara zama. An ɗauke shi a bakin ɗaya daga cikin kududdufan da haƙar kuza ta bari, waɗanda duk ɗan Jos da Bukuru ya san su. Tun farkon shekarun 1900 kamfanonin Turawa suka yi ta tone wannan tudu, suka kwashe kuza suka tafi, ramukan suka cika da ruwa, kuma babu uwar da ba ta gargaɗi ɗanta a kansu ba, domin ruwan yana kwance lumui a sama amma zurfinsa ba ya ganuwa. Labarin na wata yarinya ce mai wanki, wadda kullum idan ta ƙirga kayan da ta shanya sai ta tarar da ƙarin riga ɗaya ta ƙaramin yaro, jiƙe, wadda ba ita ta kawo ba. Ba a nuna 'yan ruwa ba, ba a nuna gawa ba. A ƙarshe dai ta ƙirga ta ga riga biyu, kuma ta biyun irin wadda take jikinta ce. Matar da ke bayana ta ce "Innalillahi" da ƙarfi, kuma babu wanda ya yi dariya.

Ana tsakiyar na biyar aka ɗauke wuta. Kafin a tayar da janareta mun yi kusan minti biyar a cikin duhu, kuma na lura cewa mutanen da suka yi ta ƙyalƙyala dariya ɗazu duk sun kunna fitilun wayoyinsu, wasu ma suna haska bayan kujerunsu. Na biyar da na shida ba zan ce komai a kansu ba, illa dai an yi ƙoƙari.

Na bakwai shi ne wanda Auta ya haɗa wa sauti, kuma ko da babu jinina a cikin aikin, shi zan zaɓa. Tsawonsa minti tara ne, ɗaki ɗaya, mace ɗaya. Matar tana cikin takaba, wato wata huɗu da kwana goman da mace take yi bayan rasuwar mijinta, kuma masu taya ta zama duk sun watse da magariba. Tana zaune a kan darduma da carbi a hannu sai aka yi sallama daga zaure, da muryar mijin. Ta ɗaga kai, bakinta ya motsa zai amsa, ta kama shi da hannu. A nan ne dabarar fim ɗin take, domin duk wanda ya tashi a gidan Musulmi ya san amsa sallama wajibi ne, harshe ma yana amsawa kafin hankali ya yi shawara. Aka yi ta biyu daga tsakar gida, aka ji an ɗauki buta, aka ji zubar ruwa a kan siminti daidai da jerin alwala, hannu, baki, hanci, fuska. Aka yi ta uku a bakin ƙofa. Matar ta ɗaga yatsu uku tana rawar jiki, mu ma muka fahimci lissafinta ba tare da an faɗa ba, wato koyarwar da muka sani cewa mai neman izini sau uku yake yi, idan ba a amsa masa ba sai ya koma. Aka ji takun takalmi yana nisa. Shirun da ya biyo baya ya yi tsawon da har na ji mutane suna sauke numfashi, matar ta sassauta kafaɗunta, ta miƙa hannu za ta rage fitilar ƙwai. Sai aka yi sallama ta huɗu, a hankali, daga kan gadon da ke bayanta. Wani bawan Allah a layin gaba ya amsa da "Wa alaikumus salam" bai sani ba, hoton ya ɗauke, zauren ya kaure da salati da dariyar kunya.

Da aka kunna fitila Auta ya zo yana washe baki, na ce masa, "Kai Auta, Allah ya shirye ka, haka ake yi wa yayar mutum?" Ya bayyana mana cewa sau ɗaya kawai aka naɗi muryar, shi ne ya riƙa sauya nisanta da amonta, ta ƙarshen kuma ya cire mata amo gaba ɗaya don ta ji kamar a cikin kunnen mai kallo ake yinta. Ya ce kunnen ɗan Adam yana jin sauti daga girgiza kimanin 20 zuwa 20,000 a daƙiƙa, shi kuwa ya shimfiɗa wani gurnani can kusa da ƙasan wannan iyaka, wanda ƙirji yake ji fiye da kunne, ya yanke shi daidai lokacin da takun ya yi nisa, shi ya sa muka saki jiki. Ya kawo misalin wani ɗan ƙasar Suwidin, David Sandberg, wanda ya yi fim ɗin da bai kai minti uku ba a gidansa tare da matarsa a 2013, a kan kashe fitila da kunna ta kawai, har kamfanonin Amurka suka ba shi dama ya mayar da shi dogo a 2016. Ni kuwa kakarmu na tuna, wadda ta shekara tana ba mu tatsuniyar Dodo bayan sallar isha'i, amma ban taɓa jin ta siffanta shi daga kai zuwa ƙafa ba. Takan sauya murya ne ta yi shiru, mu kuma mu ƙarasa ƙera shi a zukatanmu, kowa da nasa.

A mota muka yi gardama. Maigida ya yarda aikin ya yi kyau, amma ya ce yana da ja a kan saƙon, domin mamaci ba ya dawowa, maganar fatalwa camfi ce, kuma bai dace a ƙarfafa ta a zukatan matasa ba. Na ce ni ma a kan wannan aƙidar nake, sai dai fim ɗin bai ce mijin ne ya dawo ba, kuma duk macen da ta taɓa zaman takaba ko ta taya wata zama ta san yadda kunne yake ci gaba da jiran takun da ya saba ji da magariba. A ganina kewa aka nuna, aka sa mata rigar tsoro, shi ya sa ta kama mu fiye da mai wuƙa. Ya ce wannan fassarata ce, yaran da suka yi fim ɗin firgita mutane kawai suka so yi. Mai yiwuwa yana da gaskiya, ban dai ba shi ita a daren ba.

Da yake dare ya yi nisa, muka bar yara su kwana wajen Hajiya. Na riga shi shiga ɗaki, shi ya tsaya rufe ƙofar gida da duba mota, na karanta Ayatul Kursiyyu na tofa, na zauna a bakin gado ban cire mayafi ba. Can na ji ya ɗauki buta a tsakar gida, na ji zubar ruwa, na ji takunsa, sannan ya yi sallama a bakin ƙofa. Na san muryarsa sarai, amma sai da na sa ya zagayo ta taga ya haska fuskarsa da waya kafin na amsa.