Inda Aka Kwana a Aikin Sanya wa Salansar Babur Ɗina Bafil

'Yan'uwa masu koyon taɓa babur da hannunsu, yau makonni shida ke nan da na fara aikin salansar babur ɗina, kuma na ga ya dace in rubuta inda aka kwana tun kafin in manta da ƙananan abubuwan da suka fi ba ni wahala. Babur ɗin irin na gudu ne, mai silinda 4 da inji mai sisi 600, kuma a hannu na saye shi. Salansar da ke jikinsa ta kamfani ce, sai dai wanda ya riga ni mallakarsa ya yanke murfin bayanta, ya zare bututun ƙarshe, sannan ya mayar da murfin da ƙusoshin ribit. Abin da ya biyo baya shi ne ƙara mai kaifi idan an ja totur, da kuma wani gunji mai nauyi tsakanin juyi 5,000 da 6,000 a minti, wanda idan na yi rabin awa a kan hanya sai in sauka kaina yana sarawa. Burina shi ne in dawo da ƙarar zuwa inda kunnena da na mutanen da nake wucewa za su iya ɗauka, ba tare da na shaƙe injin ba.

Ga wanda bai taɓa riƙe shi ba, bafil wani gajeren bututu ne na ƙarfe mara tsatsa, jikinsa duk huji-huji, wanda ake zura shi ta bakin salansa a ɗaure da noti ɗaya ko biyu. Wasu suna zuwa tsirara, wasu kuma a naɗe da audugar gilashi. Kafin in saya sai da na leƙa cikin salansar da tocila domin in fahimci abin da aka ɓata. Salansar kamfani yawanci ɗaki-ɗaki ce a ciki: hayaƙi yana shiga ɗaki na farko, ya bi wani bututu zuwa na biyu, wani lokaci ma ya juyo baya kafin ya sami mafita, kuma a wannan kai-komo ne igiyoyin sauti suke karo da juna suna kashe juna. Irin wannan gini ya fi ƙwarewa wajen danne ƙara mai kauri. Salansar da ake sayarwa daban kuwa galibi bututu ne miƙaƙƙe mai huji, kewaye da auduga, kuma audugar tana shanye ƙara mai kaifi ne fiye da mai kauri. Da na gane wannan bambanci sai na san cewa bafil shi kaɗai ba zai mayar mini da duk abin da aka cire ba, domin ɗakin ƙarshe da aka rushe shi ne yake maganin gunjin nan.

Makon farko kacokan a awo ya tafi, kuma ban yi nadama ba. Na bi tsarin da ake gwada babur a tsaye a ƙasashen Turai: ana ajiye na'urar auna sauti santimita 50 daga bakin salansa, a karkace da digiri 45, daidai tsayin bakin, sannan a riƙe injin a rabin juyin da yake ba da cikakken ƙarfinsa, idan wannan juyi ya haura 5,000 a minti. Nawa yana kai ƙololuwa a wajen 13,000, don haka a 6,500 nake riƙe shi. Manhajar waya nake amfani da ita, kuma lambar da take bayarwa ba abar kafa hujja ba ce, amma idan waya ɗaya ce, wuri ɗaya, nisa ɗaya, inji da zafinsa, to bambancin da ke tsakanin awo biyu abin dogaro ne. Na shata wurin ajiye wayar da alli a ƙasa, a fili nesa da bango, saboda bango yana dawo da sauti ya ƙara lamba. Ya kamata kuma mu riƙe yadda desibel, wato ma'aunin ƙarfin sauti, yake aiki: ƙarin desibel 3 yana nufin ƙarfin sautin ya ninka biyu, amma kunnen mutum ba ya jin cewa ƙara ta ninka sai an ƙara wajen desibel 10. Masana lafiyar ji suna sanya iyakar desibel 85 na tsawon awa 8, kuma kowane ƙarin 3 yana raba wannan lokaci biyu, shi ya sa yanzu ba na tayar da injin domin awo sai da abin toshe kunne.

Bafil na farko da na saya mai ƙaramin rami ne, milimita 25, kuma na zaɓe shi ne da tunanin cewa mafi ƙanƙanta shi ne mafi shiru. Shirun kam an samu, domin awo ya sauka da kusan desibel 9, har sai da na yi murmushi ni kaɗai. Da na hau hanya murna ta koma ciki. A ƙananan giya babu laifi, amma da allurar juyin inji ta wuce 9,000 sai injin ya fara nauyi kamar mai gudu da aka toshe wa hanci, ga wani fito siriri yana fita daga baya, ga murfin salansar ya ɗauki zafin da ban saba ji ba. Da daddare na zauna da biro na yi lissafin da ya kamata in yi tun kafin saye. Bututun da ke shigo da hayaƙi cikin salansar faɗinsa milimita 50 ne, wato filin raminsa ya kai kusan murabba'in milimita 1,960. Rami mai milimita 25 kuwa filinsa wajen 490 ne kawai. Ido yana ganin rabi, alhali kashi ɗaya cikin huɗu ne, saboda filin da'ira yana tafiya ne da ninkin faɗinta a kan kansa. Rami mai milimita 35 yana ba da wajen 960, kusan rabi ke nan, kuma shi na koma na nema.

A nan zan ɗan tsaya a kan wata magana da na daɗe ina ji har na yarda da ita, wai inji yana buƙatar salansa ta riƙe hayaƙi kafin ya yi ƙarfi. Ba haka abin yake ba. Duk wani matsi da ya tare hayaƙi, fistin ne yake biyan kuɗinsa, domin sai ya kashe wani ɓangare na ƙarfinsa wajen tura shi waje. Abin da inji yake amfana da shi shi ne saurin hayaƙi a cikin bututu da kuma igiyoyin matsi masu kai-komo. Akwai ɗan lokaci a ƙarshen fitar hayaƙi da bawul ɗin shiga da na fita suke buɗe tare, kuma idan igiyar da ke zuƙowa ta iso daidai wannan lokaci, sai ta janye ragowar hayaƙi ta kuma taimaka wa sabon cakuɗen iska da mai ya shigo. Tsawo da faɗin bututun da ke fitowa daga inji su ne suke yanke wane juyi wannan zai faru, shi ya sa Yamaha ta sanya bawul mai motsi a cikin bututun hayaƙi, wanda ta kira EXUP, a kan babur ɗinta FZR1000 na shekarar 1989, domin tsarin ya dace da ƙananan juyi da manya. Bafil da ke can bakin salansa ba ya gyara wannan lissafi, iyakarsa ya rage ƙara, kuma aikinmu shi ne ya rage ta da mafi ƙarancin shaƙewa.

Ranar da zan ɗaura na biyu na yi kuskuren da nake so ku guje wa. Ramin notin tsohon bafil bai dace da na sabon ba, sai na ɗauko injin huji da bakin da nake huda ƙarfen gama-gari da shi, na sake masa gudu. Cikin daƙiƙoƙi kaɗan bakin ya yi shuɗi ya dakushe, wurin kuma ya yi ƙyalli ya taurare, domin ƙarfe mara tsatsa yana ƙara tauri idan aka goge shi da zafi ba tare da an yanke shi ba. Sai da na samo baki mai kobal, wato irin wanda yake jure zafi, na buga alama da ƙusa, na rage gudu sosai, na danna da nauyi, ina ɗiga mai a kai a kai, sannan na ga ɓawon ƙarfe yana fitowa a murɗe kamar yadda ya kamata. Na yi ramin ta ƙasan salansa inda ido ba ya kai wa, na shafa wa notin man tagulla mai jure zafi domin kada ya kafe, kuma kafin in tayar da inji na goge jikin salansar tas, saboda shatin yatsa mai maiƙo yana ƙonewa ya zauna a jikin ƙarfen.

Naɗa audugar shi ne ɓangaren da ya fi burge ni, kuma a ganina nan ne yawancinmu muke yin sakaci. Da farko na gwada bafil mai milimita 35 tsirara: injin ya sake, allura tana hawa har sama ba tare da nauyi ba, amma ragin ƙarar bai wuce desibel 4 ba. Sai na zare shi, na sa safar hannu da abin rufe hanci, domin zaren gilashin yana ƙaiƙayi a fata kuma ba abin shaƙa ba ne. Na fara naɗa siririyar ragar ƙarfe mara tsatsa a kan hujojin, saboda ita ce za ta tare zafin hayaƙi kada ya figi audugar, sannan na bi da audugar a kai, na ɗaure da wayar ƙarfe a wuri uku. Karon farko na matse ta tamau, ina tsammanin yawa shi ne inganci, sai ƙarar ta ƙi sauka yadda na zata. Dalili kuwa shi ne sauti yana mutuwa ne idan ya kutsa tsakanin zaruruwa yana gogayya da su, kuma idan an danƙare su suka zama kamar katako, sai ya daki saman ya dawo. Da na sassauta naɗin har ya zama idan na danna da babban yatsa yana lotsawa ya taso, ragin ya kai kusan desibel 7, kaifin nan mai huda kunne kuma ya tafi. Ramin bai canza ba ko da milimita ɗaya, amma an sami mafi yawan shirun da ƙaramin bafil ya bayar.

Sauran matsala ɗaya ita ce tas-tas da salansar take yi idan na saki totur daga babban juyi. Na ɗora wa bafil laifi har kwana biyu, kafin in lura da wani baƙin layi na toka a mahaɗar salansa da bututu. Da inji yana silo, yana da sanyi, na kai bayan hannuna kusa da wurin sai na ji iska tana bugowa kaɗan-kaɗan. Gaskit ɗin, wato zoben da ke toshe mahaɗar, ya mutu, kuma ta nan iska take shiga ta haɗu da ragowar man da bai ƙone ba ya kama wuta a cikin bututu. Na canza shi, na ɗaure ƙarfen da ke matse mahaɗar daidai ƙarfin da littafin babur ya faɗa, tas-tas ɗin ya ragu ƙwarai. Ɗan abin da ya saura ba ya damuna, domin babura da yawa suna da tsarin da yake tura iska cikin bututun hayaƙi da gangan don ƙone ragowar mai.

Ban taɓa matatar hayaƙi da ke ƙarƙashin inji ba, ban kuma taɓa na'urar auna oksijin ba. Wannan na'ura tana taimaka wa kwamfutar babur ta riƙe cakuɗen a kusa da kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur a lokacin silo da tafiya ta natsuwa, amma idan an buɗe totur gaba ɗaya kwamfutar tana komawa ga jadawalin da aka rubuta mata ne, ba ta gyara komai. Tun da canjin da na yi a bayan matatar yake, ban sa ran cakuɗen zai kauce sosai ba, duk da haka na zare fulogi huɗun bayan tafiya mai tsawo na duba, na tarar da su ruwan ƙasa-ƙasa mai haske, babu fari fat babu baƙi. Kowa kuma ya binciki dokar ƙasarsa a kan ƙarar babur kafin ya huda salansa, domin wasu wurare kowane canji yana soke amincewar da aka yi wa salansar.

Gunjin nan na tsakanin 5,000 da 6,000 ya ragu amma bai mutu ba, kamar yadda na yi hasashe tun ranar da na leƙa da tocila. Yanzu ina jiran bafil mai faɗi ɗaya da wannan amma wanda ya fi shi tsawo, ko ƙarin jikin da audugar za ta rufe zai ci wani abu daga cikinsa. Bayan kilomita 1,000 kuma zan zare wanda ke ciki in ga yadda zafi ya yi da audugar, in sake awo a kan shatin allin nan.