Kuɗin kallo na wata-wata da mai turin bakin layinmu

Ranar Asabar ɗin da ta wuce ina zaune a shagon wani yaro da ke tura finafinai a waya nan wajen Bauchi Road, sanyin Jos ɗin nan ya sauko tun kafin magariba kowa ya duƙunƙune cikin rigar sanyi, ni caji na kai saboda kwana biyu ba mu ga wuta ba a layinmu. Kafin wayata ta cika na ƙirga mutum goma sha ɗaya da suka shigo, yawanci yara ne da aka aiko daga cikin gida, wannan ya miƙo waya wancan ya miƙo memori, "wai in ji Anti a sa mata ci gaban na jiya", a ba da ɗari ko ɗari biyu a wuce. Ina kunna wayar sai ga alat, an cire min kuɗin wata na ɗaya daga cikin manhajojin kallon da nake biya, wanda wallahi duk watan nan bai fi sau uku na buɗe ta ba.

Na ce masa, "Kai ƙanina, a unguwar nan fa ka fi su Netflix kwastoma." Ya yi dariya ya ce, "Yaya ai su sai da data, ni kuwa ko babu netwok zan ba ka." Tun daga ranar maganar nan take cina.

Ita wannan kasuwa ta kallo ta intanet lissafinta ba irin na mai shagon tireda ba ne, wanda in ya sayar da gwangwanin madara ɗaya sai ya sake saro wani. Kuɗin da za a kashe a yi fim ɗaya ne, ko mutum goma ne suka kalla ko miliyan goma, don haka duk wanda ya fi tara jama'a shi ke da riba, wanda bai tara ba kuma kullum cikin asara yake ko da kayansa sun fi kyau. Netflix da aka kafa a 1997 ta fara da aika faifan DVD ta gidan waya a Amurka a 1998, ta koma intanet a 2007, ta iso mana nan a Janairun 2016, zuwa ƙarshen 2024 masu biyanta sun haura miliyan 300 a duniya, kuma a shekara tana zuba wajen dala biliyan 17 a kan shirye-shirye kawai. To wa zai ja da wannan? Disney ma da girmanta da ta shigo a ƙarshen 2019 sai da ta tafka asarar biliyoyin daloli kafin ɓangaren kallon nata ya fara kawo riba a 2024. Shekaru da yawa masu hannun jari suna cewa ku dai ku tara mutane riba ta zo daga baya, sai a farkon 2022 Netflix ta sanar masu biyanta sun ragu karon farko cikin sama da shekara goma, nan take wasan ya canza. Aka shigo da tsari mai araha amma da talla a wasu ƙasashe, a 2023 aka fara matsa wa masu raba fasuwod da 'yan uwa, farashi kuma ya dinga hawa ko'ina.

Amma namu na nan daban ne, kuma shi ne ya fi damuna. A farkon 2024 babban tsarin Netflix a Najeriya naira 4,400 ne, aka ƙara sau biyu a shekarar ya kai 7,000, a 2025 ya zama 8,500, na waya kuma daga 1,200 ya koma 2,500. Mu muna ihu an yi mana tsada, kuma gaskiyarmu ne don albashi bai ninka ba. To amma ka juya ka duba ta wajensu, kafin a saki naira a Yunin 2023 dala tana wajen 460 a banki, wato 4,400 ɗin nan ta haura dala tara, a 2025 kuwa in ka raba 8,500 da dala a 1,500 ko shida ba ta kai ba. Ka ga kenan ni aljihuna ya ƙara nauyi su kuma abin da ke shiga hannunsu ya ragu, ba wanda ya ci riba tsakaninmu. Kuma su da dala suke sayen haƙƙin nuna fim da ƙwallo, da dala suke biyan na'urorin da ke ɗauke da kayan.

Shi ya sa kake ganin suna zuwa da kiɗa su koma shiru. Prime Video na Amazon ya buɗe tsarin Najeriya a 2022 da biyan naira, aka yi ta murna a Legas, a Janairun 2024 suka ce sun daina ɗaukar nauyin sababbin shirye-shirye a Afirka. Kafin su iROKOtv na Jason Njoku, wanda ɗan gida ne ya san kasuwar, tun 2020 ya rage ma'aikata ya maida hankali kan 'yan Najeriya mazauna waje masu biya da dala da fam. Showmax na MultiChoice, kamfanin da ke da DStv, aka sake masa sabon zubi a 2024 tare da Comcast na Amurka, da ƙwallon Firimiya a waya a matsayin abin jan hankali, ita uwar kamfanin kuma a 2025 Canal+ na Faransa ya saye ta. DStv babban tsari ya kai 44,500 a wata a 2025 a ƙasar da mafi ƙarancin albashi 70,000 ne, ai dole mutane su kashe dikoda su koma gidan ƙwallo su biya na wasa ɗaya.

Sai kuma data, wadda ita ce ainihin kuɗin kallon ba wanda ake cirewa a wata ba. A Ingila ko Amurka mutum yana da intanet a gida marar iyaka, ya biya kuɗin wata shikenan ya kalla har ya gaji. Mu kuwa awa ɗaya ta kallo mai ɗan kyau tana iya cinye kusan giga ɗaya, in ka ce sai garau-garau to giga uku, ga shi a Janairun 2025 hukumar sadarwa NCC ta amince kamfanonin waya su ƙara har kashi 50 cikin ɗari. Na zauna na lissafa nawa, abin da nake kashewa a data don kallo ya ninka kuɗin manhajar kusan sau uku, ban sa kuɗin caji ko man janareto ba. In ka lura sosai duk wanda ya yi nasara a gasar nan tsakanin Netflix da Showmax da YouTube, masu sayar da data sun riga sun karɓi nasu tun kafin a fara.

To ka biya duk wannan ma, me za ka samu da Hausa a ciki? Kusan babu. Mahaifiyarmu in na miƙa mata waya ta duba ta duba sai ta ce, "Kai ɗan nan, nemo min namu." Namun kuwa suna YouTube da hannun masu turi. Tunda kasuwar faifan CD ta mutu 'yan Kannywood suka koma fim mai dogon zango a YouTube, kyauta ga mai kallo, su kuma su jira kuɗin talla, inda YouTube ke ba mai tasha kashi 55 ya riƙe 45. Matsalar ita ce tallar da ake nuna wa mai kallo a Jos ko Kano kuɗinta kaɗan ne ƙwarai in ka haɗa da wanda ke kallo daga Turai, sai ka ga shiri ya tara dubban ɗaruruwan masu kallo amma furodusa na kukan bai maida kuɗinsa ba. Daga nan ne kake ganin labarin da zai ƙare a fita goma an ja shi ya kai hamsin, kowane minti goma a tsaya a yi tallar fili ko turaren wuta ko maganin gargajiya a cikin shirin. Ni ba na zaginsu kan wannan, wanda ya ci bashi ya ɗauko kyamara da 'yan wasa da abincin lokeshan dole ya nemi inda zai fitar.

An gwada namu na gida, akwai Northflix, akwai Kallo, Arewa24 ma da ta fara a 2014 tana da manhajarta, kuma ina jinjina musu don ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne. Amma ka saki sabon shiri da daddare kafin asuba yana yawo a Telegram, da safe yana cikin kwamfutar kowane shago daga Taminos har Bukuru. Abin yana min ciwo musamman da yake garin nan namu garin fim ne, hedkwatar hukumar finafinai ta ƙasa tana nan Jos, makarantar koyon fim ta ƙasa tana nan, yara nawa ne suka koyi ɗaukar hoto da tace fim da kyau amma sun ƙare a ɗaukar biki da suna don ba kasuwar da za ta riƙe su.

Ba zan ce abin da masu turi ke yi daidai ba ne, haƙƙin wani ne ake sayarwa ba da izininsa ba, kuma haƙƙi ba ya barin mutum. Amma akwai abin da yaron nan ya tabbatar wanda manyan kamfanoni da duk bincikensu suka kasa gani: mutanenmu suna biyan kuɗin kallo, kullum ma kuwa. Matar da ke aiko da ɗari biyu sau huɗu a sati, a wata ta kashe sama da dubu uku, ta fi kuɗin Netflix na waya. Ba rowa ba ce, yadda kuɗi ke shigo mana ne. Mai keke, mai kayan gwari a Farin Gada, mai ɗinki, duk kullum suke samu kullum suke kashewa, cefane na yau ne, mai ƙulli-ƙulli ake saye, data ma ta kwana ɗaya ake sawa. Tsarin biyan wata an gina shi ne don mai albashi mai katin banki, sannan aka kawo mana shi aka ce mu ne ba mu waye ba. Masu madara da omo sun daɗe da gane mu suka yi ƙananan leda, kamfanonin waya sun gane suka yi data ta naira ɗari, masu fim ne kawai har yanzu suke jiran mu zama Turawa.

Ni abin da nake so in gani, a sayar da fita ɗaya naira ɗari ko ɗari da hamsin, a biya da turansfa ko katin waya ko a hannu, a sauke ta a waya a kalla ba data, kuma a maida masu turin nan wakilai kamar yadda bankuna suka yi da masu POS, tunda su ne ke kowane lungu kuma su matan gida suka yarda da su. Ba sai an jira wani kamfani daga Amurka ba, ƙungiyoyin masu shirya fim na Kano da Kaduna da Jos za su iya zama su fara da shiri biyu ko uku su gani.

Da zan tafi na tambaye shi, in aka ce duk ɗarin da ya karɓa ya ware talatin ta mai fim, zai yarda? Ya ɗan yi shiru yana naɗe wayar caji, sannan ya ce, "Yaya zan yarda, amma da sharaɗin ni za a fara ba wa kafin ya shiga Telegram, kuma a ba ni mai kyau ba wanda aka ɗauka daga fuskar talabijin ba. In na biya na maƙwabcina bai biya ba kuma kayanmu ɗaya, ka ga ni na rufe shago."