Yadda na binciki 4,294,967,297 har na gano masu raba ta

Wannan lamba 2³² ce aka ɗora mata 1. Fermat, masanin lissafi ɗan Faransa, ya ɗauka firam ce, wato ba ta rabuwa sai da 1 da ita kanta, don 'yan uwanta 3, 5, 17, 257 da 65,537 (wato 2¹, 2², 2⁴, 2⁸ da 2¹⁶, kowace da ƙarin 1) duk haka suke.

Da gwaji mai arha na fara. Ta ƙare da 7, saboda haka mara ce, 2 da 5 sun fita. Alƙalumanta in an tara 59 ne, 3 ma ta fita. In har tana rabuwa, mai raba ta mafi ƙanƙanta bayan 1 ba zai wuce 65,536 ba, don 65,536 sau 65,536 shi ne 2³², sai dai firam 6,542 ne a ƙasa da nan, kuma bin su ɗaya bayan ɗaya da hannu wahala ce kawai.

Gwajin Fermat da tushe 2 shi ne tarkon. Ana ɗaga 2 zuwa ƙarfin lambar ban da 1, a raba da lambar, a duba saura. Na yi, saura 1 ya fito, kamar dai firam. Amma wannan shaidar zur ce. Tunda 2³² ya gaza lambar da ɗaya tak, 2⁶⁴ dole ya bar saura 1, kuma 64 tana raba 2³². Ko yaya cikinta yake sai ta haye. Da na koma tushe 3, na ninka saura da kansa sau 32 ina ragewa a kowane mataki, sai 3,029,026,160 ya fito. Nan asirinta ya tonu cewa ba firam ba ce, tunda sauran ba 1 ba ne, ko da yake gwajin ba ya faɗin wa ke raba ta.

A kula da na'ura a wannan mataki. Ma'ajin lamba na kwamfuta mai bit 32 iyakarsa 4,294,967,295, in aka cusa masa lambar sai ta koma 1. Manhajar Excel kuma alƙaluma 15 yake riƙewa, alhali ninkin saura yakan kai 20, sai ya mai da wutsiyar sifili ba gargaɗi. Python, harshen rubuta manhaja, ba ta da wannan matsalar.

Abin da ya rage aikin shi ne ƙa'idar masanin lissafi Lucas ta 1878: duk firam da zai raba ta, ninkin 128 ne da ƙarin 1. Ga jerin: 129, 257, 385, 513, 641. Uku ba firam ba ne. 257 ta bar saura 2. 641 ta shiga cif, sau 6,700,417, abin da masanin lissafi Euler ya gano tun 1732.

Ita ma 6,700,417 ƙa'idar ta hau kanta, don haka na gwada masu wannan siffa zuwa 2,588, inda iyakar ƙaramin mai raba ta take, babu wadda ta raba ta, ita ma firam ce. Masu raba lambar huɗu ke nan: 1, 641, 6,700,417 da ita kanta. In an cire ita kanta, sauran ukun jimillarsu 6,701,059, nesa ƙwarai da ita, shi ya sa take ajin masu gibi, wato lambobin da jimillar sauran masu raba su ba ta kai su ba, kuma firam biyu ne kacal a cikinta, ba wanda ya maimaitu.