Tarihin Rayuwar Judy Baca, Kashi na 3: Bangon Cikin Magudanar Ruwa

A makon jiya mun tsaya a 1970, lokacin da mai zanen bango Judy Baca ta tara samari ashirin daga ƙungiyoyin daba huɗu da ba sa ga maciji da juna, suka zana hoton wata kaka a dandalin Hollenbeck da ke gabashin Los Angeles. Yau sai aikin da ya fito da sunanta, wato dogon zanen bangon da ake kira Great Wall of Los Angeles.

A 1974 sashen injiniyoyi na sojan Amurka ya nemi ta ƙawata bangon Tujunga Wash, wata magudanar ruwa ta kankare a kwarin San Fernando. Ba a ɗora fenti ba sai a 1976, shekarar da ta kafa SPARC, wata cibiyar zanen bango ta al'umma, tare da abokan aikinta biyu. A bazarar farko an yi aikin da matasa 80, masu zane 10 da masana tarihi 5. Da yawa daga cikin yaran 'yan asalin Meziko ne, kuma hukumar kula da yaran da suka yi laifi ce ta turo su. Biyansu ake yi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, don yaron da ke karɓar ladan aikinsa ba ya wasa da lokacin zuwa.

Kafin a taɓa bango sai an zauna da masana tarihi da dattawan unguwa an tsayar da abin da za a zana: korar 'yan asalin Meziko a shekarun 1930, tsare 'yan asalin Japan mazauna Amurka lokacin yaƙin duniya na biyu, rikicin 1943 da sojojin ruwa suka far wa samarin Meziko, tashin mutanen unguwar Chavez Ravine da ke Los Angeles daga gidajensu. Daga nan a fitar da zanen a takarda bisa ma'auni.

Sai aikin ƙarfi. Ana kankare bangon da yashi da ruwa mai ƙarfi, a bar shi ya bushe, sannan a shafa fentin share fage. Nan ne masu gaggawa ke yin asara: in ƙura ko danshi ya rage a jikin kankare, fentin zai kumbura ya riƙa ɓarewa kamar ɓawon albasa. Bayan haka a ja layuka a tsaye da a kwance da igiya mai alli, bangon ya zama gida-gida daidai da na takarda, kowane yaro ya kwafi abin da ke gidansa. Kuskuren gida ɗaya a ƙirga ya isa ya karkatar da fuska gaba ɗaya, shi ya sa ake sa wa layukan lamba.

Dabarar Baca ita ce shimfiɗa ja mai ruwan hoda a ƙarƙashin komai. Hannaye da yawa ne ke aiki, kowa da nauyin burushinsa, amma wannan launi na ƙasa yana haɗa kan zanen. Fentin akirilik ne, kuma a zafin kwarin yana bushewa tun a bakin burushi, don haka kaɗan-kaɗan ake zubawa. A ƙarshe a rufe da man kariya marar launi. Ruwa kuwa barazana ne kullum, tunda magudana ce: in aka yi ruwan sama a tudu, ambaliya na iya kwashe tsani da gwangwanaye.

Bazara biyar aka yi zuwa 1983, matasa sama da 400 suka sa hannu, bangon ya kai ƙafa 2,754 a tsawo, 13 daga ƙasa zuwa sama. Rana da ruwa sun ci launinsa har sai da aka gyara shi a 2011.

Tun 1980 Baca ta fara koyarwa a Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine. Mako mai zuwa za mu ga yadda ta koma UCLA, wato Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, da ɗakin zanen kwamfuta da ta buɗe a SPARC a 1996, inda ɗaliban jami'a ke aiki da mutanen unguwa.