Ranar Sarki a bakin titin Utrecht

Wata bakwai da zuwana Holan ban san kowa ba, daga maigidana sai malamar da ke koya mana yaren ƙasar. Sanyi ya dame ni, amma kaɗaici ya fi damuna. Ran nan na leƙa ta taga na ga tsohuwar da muke maƙwabtaka ta duƙa tana zana layi da alli a bakin titi. Na fita na tambaye ta da 'yan kalmomin da na iya. Ta ce gobe 27 ga Afrilu, ranar haihuwar Sarki Willem-Alexander, kuma a ranar kowa na da damar baza hajarsa ba tare da neman izini ba. Ta matsa, ta zana mini nawa gurbin.

Ba ni da abin sayarwa, sai na kwaɓa lallen da Inna ta cusa mini a jaka. Washegari gari ya koma ruwan goro, riguna da huluna har da karnuka, domin launin gidan sarautar Oranje-Nassau ke nan. Yara suka yi layi suna miƙo mini hannu.

Tsakanin wannan hannu da wancan tsohuwar ta riƙa ba ni labarin sarkinsu. A nan Utrecht aka haife shi a 1967. Mahaifiyarsa Sarauniya Beatrix ta yi murabus da ranta da lafiyarta a 2013 ta bar masa gadon, ya zama namiji na farko da ya hau tun 1890. Ba a ma ɗora masa kambi a ka ba, rantsuwa ya yi a gaban wakilan jama'a a Amsadam. Ya shafe shekara 21 yana tuƙa jiragen fasinja na KLM a matsayin mataimakin matuƙi, yawancin fasinjoji ba su sani ba. 'Ya'yansa uku duk mata ne, Amalia da Alexia da Ariane, kuma babbar ce mai jiran gado, ita ke riƙe da sarautar Gimbiyar Oranje. Na tuna Daurama, na yi murmushi.

Abin da ya zauna mini a rai shi ne labarin matarsa, Máxima. 'Yar Ajantina ce, aure ya kawo ta a 2002. Ita ma sai da ta zauna ta koyi wannan yare mai kankare maƙogwaro, ta bar iyayenta a wata nahiya. Tsohuwar ta dafa kafaɗata ta ce, “Ita ma baƙuwa ce da farko.” Wallahi sai da idona ya ciko.

Da daddare na kira gida.

“Inna, lallenki ya ƙare tas.”

“'Yar nan, wa kika yi wa biki a can?”

“Sarki, Inna.”

Ta yi salati, ta ce za ta aiko da wani in an samu mai tahowa.